Ruwan da ke cikin jarkar Baba

A shekarar da fari ya ƙafar da rijiyoyin Gangara, tsohuwar motar Baba, kiya-kiya, ta soma tari a bakin gidanmu, ta yi jijjiga, ta mutu. Ya kwance fulogi ya hura, ya duba kafireta, yana ta zagin wanda ya sayar masa da fetur a garin Isa. Daga ƙarshe ya cire tiyon mai ya zuƙa, ya tofa a tafin hannunsa. Har yau ina jin warin nan.

"Ruwa ne! Wa ya taɓa min jarkag ga?"

Ni ce. Tulunmu ya fashe, shi ya sa na ɗauki jarkar fetur ɗinsa, na yi rabin yini a layin rijiya ɗaya da ta rage, na mayar da ita mazauninta cike. Shi kuwa ya juye a tanki bai duba ba.

"Ke dai ɗiyar banza ce," ya ce da ni. Ya kwance tankin, ruwana ya bi ƙasa ina kallo.

Ya rasu bai taɓa tambayata ko na sami kurɓa ɗaya a ciki ba. Ban samu ba.