Mai Kujerar Baya

"An janye tallafin tsaro," in ji shugabar ma'aikatan jirgin saman. "Daga gobe za a sayar da kujerar baya."

Ƙaramarsu ta juya ta kalli kujerar. Gwamnati ke biyan kujerar don jami'in farin kaya, kamfani kuwa ya lamushe kuɗin, bai taɓa ɗaukar kowa ba. Amma kullum bel ɗinta a ɗaure, kujerar da ɗumi, jirginsu bai taɓa ko tangal-tangal ba.

"Yaya, mai kujerar fa?" in ji ƙaramar.

"Wane mai kujera? Allah ya shirye ki."

Sai da aka kulle ƙofa, jirgi ya ɗauki gudu, ƙaramar ta leƙa baya. Bel a kunce, kujera sanyi ƙalau.

Shi kam bai jira gobe ba.