Gaba Goma Sha Biyu

Ka ce an ɗora maka rubuta takardar gayyatar 'yan kwangila, kuma so kake ka gama yau ka huta. Ajiye biron tukuna. Ni ma na gaji da ba da wannan misalin, amma tun da ba a gaji da yin kuskuren ba, bakina ba zai huta ba.

A wani gari da ke kan tudu, ruwa ya yi wa mutane nisa. Mata kan gangara kwari da tuluna tun da sassafe, ba sa dawowa sai rana ta take, wuya ya sage. Da wata ƙungiya ta yarda za ta ɗauki nauyin rijiya guda ɗaya tak, sai aka kafa kwamiti, aka naɗa wani malamin makaranta magatakarda, ba don komai ba sai don rubutunsa yana karantuwa. Wata bakwai bawan Allah nan yana zaman taro. Yau a yi gardama kan unguwar da za a haƙa, gobe kan wanda zai zauna a kujerar gaba, jibi a tashi baram-baram. Kafin a iso ga takardar da za a kira masu aiki da ita, ya gaji tilis, ko kalmar rijiya ba ya son ji. Sai ya aika wani gari da ke bakin fadama aka aro masa tsohuwar takardarsu, ya kwafe ta tsaf, sunan gari kawai ya canza. An rubuta a haƙa zurfin gaba goma sha biyu, a jera zoben siminti, a yi baki da murfi, kuma duk mai so ya kawo tayinsa a rufaffen ambulan kafin Juma'a. Kalmar ruwa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Shi kuwa bai lura ba, don a ganinsa wanda ya ce rijiya ai ya gama magana.

Ranar Laraba wani tsohon mahaƙi, hannu duk kanta, ya same shi a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ya ce, “Malam, rami kuke nema ko ruwa? Nan tudu ne. Na yi haƙa a ƙasar nan tun kafin a haife ka, ba a ganin danshi sai an wuce gaba ashirin.” Maganar ta shiga kunnen magatakarda, har ta ɗan tsorata shi. Amma gyara takarda na nufin a sake kiran kwamiti, a sake shimfiɗa tabarmi, a sake jin muryoyin nan da suka hana shi sakat wata bakwai. Da ya hango wannan, sai kasala ta danne tsoro. Ya ce, “Baba, abin da takarda ta ce shi ne. A yi haƙuri.” Tsoho ya ɗauki sandarsa ya tafi. Duk da haka ya sa aka rubuta masa tayi, layi ɗaya rak: zai yi ta haƙa har sai guga ya fito a jiƙe. Ranar buɗe ambulan aka karanta, aka yi dariya, aka ture shi gefe, wai bai amsa sharuɗɗa ba. Magatakarda ne da kansa ya rubuta dalilin, kansa a sunkuye. Aka ba da aikin ga wani mai tsabtatattun takardu, wanda ya bi kowane layi ya amsa shi daidai wa daida.

Kada ka ce ɗan kwangilar nan ya yi cuta, bai yi ba. Ya haƙa gaba goma sha biyu cif, ya auna da igiya a gaban kwamiti, ya jera zobba sumul, ya ɗora murfi, har fenti ya shafa kyauta. Aka zura guga, aka ji ya daki ƙasa ƙwal, aka jawo shi da ƙura. Da jama'a suka taso masa, ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya zaro takarda daga aljihu ya nuna musu sa hannun magatakarda. Aka koma wa ƙungiya, suka ce rijiya ɗaya suka yi alkawari, kuma ga ta nan a tsaye, sun riga sun wuce wani gari. Aka nemi tsohon mahaƙi, ya leƙa ya girgiza kai, ya ce zobban sun zauna a kan tsandauri, ƙarin haƙa daga ƙarƙashinsu haƙa wa kai kabari ne.

Har yau rijiyar tana nan, da allon da aka kafa mai ɗauke da sunayen 'yan kwamiti, na magatakarda a layi na biyu. Ta gefenta hanyar kwari ta bi. Kullum da safe yana fita makaranta yakan ga matarsa ta wuce ta wurin da tulu a ka, ita da ya yi wa alkawarin bana wuyanta zai huta. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma shirun nan ya fi masa zagi ciwo. Sau ɗaya kawai, ranar da ta dawo ƙafa a kumbure, ta sauke tulun ta ce, “Malam, ramin naku dai ya yi kyau.”

To, ɗauki bironka. Rubuta abin da jama'a suke bukata, ba abin da ka tarar a takardar wasu ba, in kuma masanin aiki ya zo da tambaya, ko ka gaji ka ba shi wurin zama. Hausawa sun riga sun faɗa, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.