Azarar Ɗakin Ƙorai

Bature ya ɗaga kai yana kallon rufi, Falalu magini kuwa ya kafe ido a ƙasa kamar allura ta faɗi masa.

Ɗakin nan na gindin dutse a Roni ba don mutum aka gina shi ba. Wai ƙorai masu zane da fatu da tabarmi ne za su zauna a ciki, baƙi su riƙa zuwa kallo. Kai, Nasara da abin dariya! Ƙwarya ta samu soro, mai ita tana kwana a bukka.

Tun da rani dagaci ya kira Falalu ya ce masa, "Bature ginin bakan gizo biyu yake so su tallafi rufin, da taga a sama don haske. In rufin ya lotsa da damina, ni rawani zan rasa, kai kuwa sai gidan yarin Kazaure."

'Yan aikin tilas suka kawo azara. Falalu ya danna farce, farce ya shige. Macen giginya ce, cikinta kamar dafaffen rogo, alhali da namiji ake rufi. Ya ce a sake, dagaci ya ce ruwa ya kusa, ya san yadda zai yi.

Ya kuwa san yadda ya yi. Ya sallami kowa, kwana uku daga shi sai jakinsa.

Damina ta zo da hauka, ɗakin ƙorai ko ɗigo bai yi ba. Cikin daminar aka binne Shatu, matarsa ta shekara talatin, wadda mata ke yi wa tsiya wai don ta auri magini ita kaɗai ke girki a soro. Tun ranar Falalu bai sake sa tuwo a baki ba.

Tafintan Bature ya taɓa shi. "Malam Falalu, Bature na yabonka. Ya ce me ka shafa wa azarar nan, baƙa wuluk tana sheƙi haka?"

"Ranka ya daɗe, ba shafawa aka yi ba."

"To mene ne?"

Sai yanzu Falalu ya ɗaga kai. Hayaƙin murhun Shatu ne. Daga soronta ya zaro azarar nan ya mayar mata da macen giginya, ya ce ai za ta kai kaka, kuma ranar da rufin soron ya rufta Shatu tana ƙarƙashinsa tana tuƙa masa tuwo.