Inuwar Hasumiyar Bakin Teku

Kai da kake cewa tsohon gini ba ya ci ba ya sha, a bar shi ya rushe abinsa, gyara zama ka ji.

An yi wani mahauci, haifaffen zangon Hausawa a wani gari na bakin teku. Bayan zangon akwai tsohuwar hasumiya, fara fat da jan kai, wadda fitilarta ke nuna wa jiragen ruwa hanya. A gindinta ya yi wasan ƙasa. Da mahaifiyarsa ta rasu, aka rufe ta cikin rairayin da ke gabas da hasumiyar. Ka san mu ba mu cika rubuta suna a kabari ba, iskar teku kuwa ba ta barin tudu. Sai ya riƙe shaida guda: inda kan inuwar hasumiya ke sauka da la'asar, nan take kwance. Daga baya neman abinci ya ja shi Arewa, ya yi aure, ya tara iyali, kullum zancensa baɗi zai je ziyara. Ana nan jirage suka sami na'urorinsu na gane hanya, aka kashe fitilar, gishiri ya shiga cin ginin. Dattawan zango suka aika wa 'ya'yansu na nesa a zo a haɗa hannu a yi mata gyara. Gogan naka ya ce shi ina ruwansa, ai ba masallaci ba ce.

Sai da furfura ta rufe shi kewar uwa ta taso masa. Ya kama hanya da 'yarsa ta fari, mai sunan marigayiyar, don ya nuna mata makwancin kakarta tun yana da ƙafa. Suka isa ana kiran la'asar. Ga teku yadda ya bar ta, ga rana ta karkata, amma rairayi shimfiɗe yake fayau, ko inuwar sanda babu. Hasumiya ta daɗe da faɗuwa, an kwashe duwatsunta an yi harsashin gidaje. Ya yi gaba, ya dawo baya, yana ɗaga ƙafa a hankali don tsoron kada ya taka kabarin mahaifiyarsa. Wani tsohon masunci da ke ɗinkin komar kamun kifi ya dube shi ya ce, "Malam, in inuwar kake nema, ta bi mai ita." A katangar wani gida ya tsinci dutse ɗaya da sauran jan fenti a jikinsa. Ya dafa shi, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a yana hawaye. 'Yar na tsaye a bayansa, ba ta san inda za ta duba ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.