Liyarin Kakan Alkasum

Alkasum ya miƙo min liyarin azurfar da ya tono a gidan kakansa na Zango. Shekara talatin ina tara tsofaffin kuɗi, irinsa bai taɓa zuwa hannuna ba, sai ga shi wurin Alkasum, mai sayar da barkono.

"Nazir, kai ne masani. Nawa zai yi?"

Na juya shi, na taɓe baki. "Sabon bugu ne, abokina. Azurfar kawai ke da daraja."

Na bari kwana uku don liyarin ya fita ransa, sannan na je tayawa da araha.

Ya tarye ni da murna, ya zura min zobe a yatsa.

"Tunda azurfar ce kawai, na kai wa maƙeri ya narkar. Zobe biyu ta fitar. Ɗaya naka ne, ladan gaskiya."