Manomin Gero a Gonar Koko

Wani manomin gero ne daga Arewa, gwani na gaske, irin wanda gonarsa ta fi tsakar gidan wasu tsafta. Neman abinci ya kai shi Kurmi, ya sauka wurin wani dattijo mai gonar koko. Ba a jima ba ciwo ya kama dattijon, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa birni jinya, ya bar wa baƙon amanar gonar da iyalinsa ke ci da ita. Mutumin naku ya shiga ya duba, ya ga manyan itatuwa sun rufe kokon da inuwa, busasshen ganye jibge har idon sawu. Ya ce a ransa wannan ai ƙazanta ce da lalaci. A garinsu wa ke shuka a ƙarƙashin inuwa? Bai tambayi kowa ba, don a ganinsa gwani ba ya tambaya. Ya sa gatari ya kayar da itatuwan, ya share ganyen tas, ya tara ya cinna wuta, kamar yadda ake sharar gona kafin damina. Maƙwabta suka yi magana, ya ce hassada ce.

Rani ya zo, rana ta gasa ƙasar har ta tsage. Da ruwa ya sauka babu abin da zai tare shi, ya kwashe baƙar ƙasar sama ya zuba a rafi. Kokon ya kakkaɓe fure, rassa suka bushe. Da dattijon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ja manomin zuwa gonar maƙwabci, ya tura hannu ƙarƙashin ganye ya damƙo ƙasa baƙa mai sanyi, tsutsar tana na motsi a ciki. Suka koma tasa, ya caka sanda, ta ƙi shiga. Ya ce, "Ɗana, ganyen da ka ƙone shi ne takin, itatuwan su ne rumfar. Shekara talatin ubana yana tara ƙasar nan. Da kwanciyarka ka yi ka huta, da yanzu muna tsinkar koko." Kunya ta rufe manomin, ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi ko a kore shi, ba a yi ba. Da azahar matar dattijon ta kawo masa abinci kamar kullum, ya zauna yana kallon kwanon, hannunsa ya ƙi zuwa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.