Malamar da Ta Ƙone Hannu

Malam Nafi'u, ajiye jakar nan ka zauna tukuna. Ɗazu na leƙa ajinka ta taga. Na ga yaro ya yi kuskure a layi ɗaya, kafin ya gama sosa ƙeya ka janye madannan kwamfutar daga gabansa ka gyara masa. Hannunka akwai sauri, tubarkalla. Shi ne ya tuna mini da wata malama.

A wata firamare ta bayan gari aka yi ta, tana koya wa yara rubuta manhaja. Kwamfuta uku gare su, ɗayar ma sai an ɗan bubbuga ta take farkawa. Malamar ta san aikinta, kuma tana son yaran, irin son nan da ke hana uwa sauke goyo. Da jan rubutu ya bayyana a fuskar kwamfuta, alamar an yi kuskure, sai ta ce a kawo mata, yatsunta su yi ƙaf-ƙaf, abu ya tashi, yara su tafa. Zango biyu ana haka. Duk manhajojin ajin suna aiki, amma babu yaro ɗaya da zai iya gaya maka dalili. Shugaban makarantar kuwa mutum ne mai ido, ga shi yana neman ɗakin ajiyar siminti. Ya ce mata idan ranar taron iyaye yaran ba su nuna abin da suka iya da hannunsu ba, zai rufe ajin, kwamfutocin su koma ofis.

Saura sati uku taro, tana suyar ƙosai da safe, kasko ya goce, mai ya watsu mata a hannu biyu. Ta zo makaranta da naɗi har wuyan hannu, kamar ɗan damben da ya rasa hannun da zai zaɓa. Aikin da ajin ke shiryawa ɗan wasan kwamfuta ne: akuya ta tako zuwa ƙwaryar dusa, ta ci, ta yi kuka. Yara suka rubuta umarninsu suka danna. Akuya ta tako, ta wuce ƙwarya ko kallonta ba ta yi ba, ta fice daga fuskar kwamfutar gaba ɗaya. Duk suka juyo suna jiran malama. Ta ɗaga hannu, ta tuna, ta mayar. Da ba yadda za ta yi, sai ta tambaye su abin da suka ce wa akuyar. Suka ce sun ce ta taka. Ta ce, "To, wa ya ce mata ta tsaya?" Sai dariya ta ɓarke a aji.

Kwana uku suka yi kafin su tsayar da akuyar nan. Da ta tsaya sai ta koma tafiya da baya. Da aka juyo ta sai ta fara cin dusa tun tana nesa da ƙwarya. Malama tana tsaye, tana ganin gyaran ƙarara, tana cije leɓe. Ta ce wallahi zafin ƙunar bai kai zafin yin shirun ba. Amma kuma sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Yara sun daina tsoron jan rubutu, har rige-rigen karanta shi suke yi. Wani ya durƙusa a tsakiyar aji ya zama akuya, sauran suna karanta masa umarni layi-layi, yana bi daidai yadda aka faɗa, har su kama inda suka kauce. Ko an buga ƙararrawar tashi ma sai an kore su.

Ranar taro ɗaki ya cika da iyaye, shugaban makaranta yana bakin ƙofa ya harɗe hannu. Aka danna, akuya ta ƙame wuri ɗaya, ko kunne ba ta motsa ba. Malama ta dubi fuskar kwamfutar. A lokacin hannunta ya warke sarai, taku biyu ne tsakaninta da madannan. Ta cusa hannayen cikin mayafi ta riƙe su gam. Sai wata yarinya, wadda a farkon shekara ko taɓa kwamfuta ba ta yarda ta yi, ta miƙe ta ce, "Iyayenmu, ku yi haƙuri, akuyarmu ce, mun san halinta." Ta bi layukan da yatsa tana karantawa a fili, ta tarar an bar adadin takun akuyar a sifili tun gwajin jiya. Ta gyara, ta danna. Akuya ta tako, ta tsaya cak a bakin ƙwarya, ta ci, ta yi kuka. Wani dattijo makiyayi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Malama kuwa hawaye take yi tana dariya, don ba ta taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Siminti dai sai wani ɗakin aka nema masa.

To, Malam Nafi'u, ba fatan kaskon mai nake yi maka ba, Allah ya tsare. Na dai ga rigarka tana da aljihu biyu. Gobe idan jan rubutu ya fito, zuba hannuwan a ciki, ka bar yaron ya sosa ƙeyarsa. Hausawa sun riga sun gama magana: da rarrafe yaro kan tashi.